RAUNIN LAKA DA SHANYEWAR ƘAFAFU: Bayani A Kan Dabarar Zaburar Da Laka Da Lantarki Tare Da Gashi

GABATARWA

Garin Keffi na Jihar Nasarawa yana kan babbar hanyar da ta taso daga Abuja, ta ratsa Mararaba da Masaka, ta zarce Akwanga inda take rabuwa zuwa Jos da Lafiya. Tsakaninsa da Abuja kimanin kilomita 50 ne. Dare da rana manyan motoci da ƙanana da babura suna zirga-zirga a kanta, kuma yakan zama an kwashi waɗanda haɗari ya rutsa da su zuwa Asibitin Tarayya na Keffi, wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa a shekarar 2000. A cikin irin waɗannan majinyata akan sami wanda ya farfaɗo da hankalinsa garau, ba jini ba karayar hannu, amma ya yi nufin ɗaga ƙafa ƙafar ta ƙi. Wannan shi ne raunin laka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan 15 ne ke rayuwa da shi a duniya, kuma haɗarin hanya da faɗowa daga bisa su ne manyan sanadinsa.

A 'yan shekarun nan labari ya bazu a rediyo da wayoyin hannu cewa likitoci a ƙasashen waje sun sa wa shanyayyu wata na'ura a gadon baya, har sun tashi sun taka. Labarin gaskiya ne, amma sau da yawa rabinsa kaɗai ake faɗi. An shirya wannan ɗan littafi domin a bayyana wa jama'a yadda abin yake, da iyakar inda ya tsaya, da kuma abin da ya rataya a wuyan kowane ɗan ƙasa tun daga bakin titi har zuwa ɗakin jinya.

MECE CE LAKA?

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33, ɗaya bisa ɗaya, daga ƙeya zuwa ƙugu. Galibinsu suna da rami a tsakiya, ramukan kuwa sun haɗu sun zama kamar bututu. A cikin wannan bututu laka take kwance. Tsawonta a jikin babban mutum wajen santimita 45 ne, kaurinta bai wuce na ɗan ƙaramin yatsa ba, kuma tana da taushi ƙwarai. Daga gefenta jijiyoyi 31 suka fita ta dama, 31 ta hagu, suka bazu cikin jiki.

Aikinta na farko shi ne ɗaukar saƙo. Idan mutum ya yi nufin takawa, ƙwaƙwalwa takan aika umarni ya bi ta laka ya isa ga naman ƙafa. Idan ƙafa ta taɓa sanyi ko zafi, labari yakan hau ta laka ya isa ƙwaƙwalwa. Wannan saƙo kuwa ɗan ƙanƙanen lantarki ne wanda jiki da kansa yake yi.

Amma laka tana da aiki na biyu wanda mutane da yawa ba su sani ba, watau tana iya zartar da waɗansu al'amura da kanta. Wanda ya taka garwashi yakan fizge ƙafarsa tun kafin ya gane abin da ya taka. Jariri sabon haihuwa, idan aka riƙe shi tsaye tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa, sai a ga yana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya, alhali ba wanda ya koya masa. Dalili shi ne a ƙasan laka, daidai inda haƙarƙari ya ƙare, akwai tarin jijiyoyi da ke tsara tafiya: su lanƙwasa wannan ƙafa, su miƙe waccan, sa'an nan su juya. Ƙwaƙwalwa ita ke ba da izini, amma babban rabo na tsarin takawa a can ƙasa yake.

IDAN LAKA TA YI RAUNI

Ƙashin baya yakan karye ko ya goce ta dalilin haɗarin mota ko babur, ko faɗowa daga itace ko gini, ko ruftawar rijiya da ramin haƙar ma'adinai, ko harbin bindiga. Tarin fuka ma yakan ci ƙashin baya a hankali har ya danne laka. Idan raunin a wuya yake, hannu da ƙafa duka sukan shanye. Idan a tsakiyar baya ne ko ƙasa, ƙafafu ne ke tafiya, tare da ikon riƙe fitsari da bayan gida.

Ƙashi yakan ɗoru idan ya karye, fata takan haɗe idan ta tsage, amma zaren jijiyar da ke cikin laka idan ya tsinke ba ya sake tsirowa ya haɗe yadda yake a dā. Duk da haka akwai abubuwa biyu da bincike ya tabbatar. Na farko, ba safai laka ke yankewa gida biyu ba. Yawanci murjewa take yi, kuma ko a cikin waɗanda ba sa jin kome a ƙafa akan sami waɗansu 'yan zarurruka da suka tsira, sai dai saƙon da suke ɗauka ya yi rauni ainun. Na biyu, ɓangaren lakar da ke ƙasa da raunin yakan zauna da ransa. Shi ya sa akan ga ƙafar shanyayye tana zabura ko tana karkarwa da kanta idan an taɓa ta. Waɗansu sukan ce iska ne, waɗansu su ce alamar warkewa ce. A gaskiya jijiyoyin ƙasa ne ke motsi ba tare da mai ba su umarni ba.

YADDA NA'URAR KE AIKI

A kan waɗannan abubuwa biyu aka gina sabuwar dabarar. Likitan tiyata yakan buɗe ƙasan gadon baya, ya shimfiɗa wani ɗan siririn faifai mai laushi a bisa fatar da ta lulluɓe laka, ba a cikin lakar kanta ba. A jikin faifan akwai bakunan waya guda 16. Daga nan waya ta bi ƙarƙashin fata zuwa wani ɗan batir da akan dasa a gefen ciki. Da wata ƙaramar kwamfuta ake kunna shi daga waje, a zaɓi bakin wayar da zai yi aiki, da ƙarfin wutar, da yawan bugunta. Wutar kaɗan ce ƙwarai, ba irin ta gida ba.

Ya kamata a lura cewa ba a kan raunin ake ɗora faifan ba, a ƙasa da shi ake sa shi, kuma ba ya ɗinke abin da ya tsinke. Misalinsa kamar akwatin rediyo ne wanda batirinsa ya yi sanyi, a ƙauye mai nisa da tasha. Tasha tana magana, amma ba a ji. Idan aka sa sabon batir, sai muryar nan da ke zuwa daga nesa ta fito. Haka wutar take zaburar da jijiyoyin ƙasa har su kai ga jin ɗan raunanan saƙon da ke tsallako wurin raunin, su kuma ji labarin da tafin ƙafa da gwiwa ke aikowa na nauyin jiki. Amma idan tasha ta yi shiru, sabon batir ba zai ƙago magana ba. Tilas majinyaci ya yi niyyar motsi da kansa, ya maimaita, ya sake maimaitawa.

TAƘAITACCEN TARIHI

Sa wa laka lantarki ba sabon abu ba ne. A shekarar 1967 wani likitan Amurka, Norman Shealy, ya fara dasa irin wannan na'ura domin rage matsanancin ciwo, kuma har yanzu ana amfani da ita don wannan. Juya ta zuwa ga motsa ƙafa shi ne sabon aiki.

A shekarar 2011 masu bincike na Jami'ar Louisville a Jihar Kentaki ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Susan Harkema, suka ba da labarin wani saurayi da mota ta buge a 2006. An yi masa horon motsa jiki sau 170 cikin wata 26 ba tare da ya iya tsayuwa ba. Bayan an dasa masa na'urar a ƙarshen 2009, aka ci gaba da horo, sai ya iya tsayuwa da ƙafafunsa na fiye da minti huɗu, ana taimakonsa kawai kada ya karkata. Bayan wata bakwai kuma ya iya motsa yatsu da ƙafa da nufinsa, muddin na'urar tana kunne.

A shekarar 2018 sakamako ya fito daga wurare uku. A Louisville an gwada mutum huɗu. Biyu sun kai ga takawa a ƙasa da abin dogarawa, ɗaya bayan zaman horo 81 cikin mako 15, ɗayan kuwa sai bayan zama 278 cikin mako 85. Sauran biyun sun iya tsayuwa da riƙe gangar jikinsu, amma ba su kai ga tafiya a ƙasa ba. A asibitin Mayo, can Amurka ɗin, wani mutum ya yi tafiyar mita 102 da ƙarfen dogarawa bayan zama 113 cikin mako 43. A birnin Lausanne na ƙasar Suwizalan kuma, Farfesa Grégoire Courtine da likitar tiyata Jocelyne Bloch suka tsara na'urar yadda za ta riƙa ba da wuta daidai lokacin ɗaga ƙafa da lokacin sauke ta. Mutum uku da suka gwada, waɗanda lakarsu ba ta lalace gaba ɗaya ba, sun taka, kuma bayan watanni na horo an ga motsi ya soma dawowa ko da an kashe na'urar.

A 2022 waɗannan masana na Lausanne suka sake gwaji da sabon faifai a kan mutum uku da ba sa iya motsa ƙafa ko kaɗan. Tun ranar farko da aka kunna suka tsaya suka yi 'yan taku, ana tallafe da nauyinsu da igiyoyi daga sama. Amma sai da suka yi wajen wata biyar suna horo kafin su fita waje da ƙarfen dogarawa. A 2023 kuma suka haɗa wata na'ura da aka dasa a kan wani mutumin Holan, mai karanta niyyarsa, da wadda ke bayansa. Mutumin, wanda ya yi haɗarin keke a ƙasar Sin a 2011, ya iya tafiya da hawa matakala da abin dogarawa.

ME YA SA SAI DA GASHI?

Wanda ya duba waɗannan alƙaluma zai ga cewa tiyatar ta yini ɗaya ce, horon kuwa na watanni ne ko shekaru. Ma'aikatan gashi da motsa jiki, waɗanda jama'a ke kira likitocin fisiyo, su ne ke ɗauke da mafi yawan aikin. Akan rataye majinyaci da ɗamara bisa injin da bel ɗinsa ke tafiya, ma'aikata biyu ko uku su riƙe gwiwa da ƙugu suna jera masa taku, shi kuma yana ƙoƙari da zuciyarsa. Kullum ana rage tallafi kaɗan-kaɗan.

Dalilin wannan wahala shi ne jijiya tana koyo. Hanyar da saƙo ya yawaita bi takan ƙara ƙarfi, wadda aka bari kuma takan shafe, kamar turbar gona da ciyawa ke rufewa idan an daina bi. Gwajin Louisville ya nuna cewa horo shi kaɗai bai sa mutanen sun taka ba, kuma da an kashe wutar tafiyar takan tsaya. Sai an gama biyun. Ban da haka, ƙafar da ta daɗe ba ta aiki namanta yakan zube, ƙashinta ya yi rauni, gaɓoɓinta su ƙage. Ba na'urar da za ta tayar da mutum a kan gwiwar da ta riga ta sandare a lanƙwashe.

IYAKAR ABIN DA AKA CIM MA

Wajibi ne jama'a su san gaskiya. Dasa na'ura domin tafiya har yanzu a matsayin gwaji yake a duk duniya, kuma waɗanda aka yi wa 'yan kaɗan ne, zaɓaɓɓu. Waɗanda suka taka a hankali suke takawa, da abin dogarawa, kuma yawancinsu keken guragu ne abin hawansu na yau da kullum. Tiyatar tana da nata haɗari: wurin yakan iya yin ruwa, waya ta goce, ko ƙashin ƙafa mai rauni ya karye a wajen horo. Tana kuma da tsada mai yawa. A watan Disamba na 2024 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wata na'ura da ake mannawa a bayan wuya ba tare da tiyata ba, amma ita domin ƙara ƙarfin hannu ce, kuma ita ma tare da horo ake amfani da ita.

Saboda haka ana gargaɗin iyalai su yi hattara da masu yawo da 'yan injunan tausa na kasuwa, ko masu talla a waya, suna alkawarin tayar da shanyayye cikin kwanaki idan an biya kuɗi. Kada a sayar da gona ko gida saboda irin wannan alkawari. Dukan mai aikin gashi na gaskiya yana da rajista da hukumar da aka kafa da doka ta 38 ta shekarar 1988 domin kula da wannan sana'a, kuma jama'a suna da ikon neman ganin shaidarsa.

ABIN DA YA RATAYA A WUYAN JAMA'A

Tun da yake dabarar a kan zarurrukan da suka tsira ta dogara, to, kowane zare da aka ceta a ranar haɗari dukiya ne. Sau da yawa ƙashi ne kawai ya karye a wurin haɗarin, lakar kuwa sai a wajen ɗauka take lalacewa, a hannun masu son taimako. Don haka a kiyaye waɗannan:

1. Wanda ya yi haɗari yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafarsa, ko ya suma, a ɗauka ƙashin bayansa ya karye har sai likita ya ce a'a.

2. Kada a zaunar da shi, kada a ce ya gwada tashi, kada a ja shi ta hannu ko ƙafa, sai fa idan wuta ko ruwa na shirin cin sa.

3. A kira jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta lamba 122, ko lambar gaggawa ta ƙasa 112.

4. Idan ya zama tilas a ɗauke shi, a sami mutum huɗu ko fiye. Ɗaya ya riƙe kai daidai da gangar jiki, sauran su juya shi gaba ɗaya lokaci guda bisa faffaɗan katako ko ƙyauren ƙofa. Tabarma da buhu da zane ba su yi ba, gama suna lotsawa a tsakiya.

5. Kada a ɗora shi a babur, kada a naɗe shi a kujerar ƙaramar mota. A kwance za a kai shi.

6. A zarce asibiti kai tsaye. Likitoci sun gano cewa ɗauke ƙashin da ya danne laka cikin awa 24 na farko ya fi ba da sakamako. Maɗora suna da sani a kan karayar hannu da ƙafa, amma ja da matsa gadon baya yakan ƙarasa lakar da ta rage. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa.

Daga Keffi, idan bukata ta kama, akan tura majinyaci zuwa manyan asibitocin da ke tiyatar ƙashin baya, irin su Asibitin Ƙasa na Abuja da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

JINYA A GIDA

Bayan an sallami majinyaci aikin yakan koma hannun iyali, kuma a nan ne akan yi asarar rayuka da yawa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya kusan takwas cikin goma na sojojin Amurka masu raunin laka sun mutu cikin 'yan makonni. Da Dokta Ludwig Guttmann ya buɗe sashen jinyar laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944, ya nuna cewa gyambon kwanciya da cutar mafitsara ne ke kashe su, kuma ana iya hana duka biyun da hannu da haƙuri, ba da wata na'ura mai tsada ba.

Lalle ne a juya majinyaci kowane awa biyu, dare da rana, a duba ƙugu da ɗuwawu da dunduniya, domin shi ba ya jin zafin da zai sa ya gyara kwanciya. Jan tabo ko baƙin tabo da bai gushe ba alamar gyambo ne, a ɗauke nauyi daga wurin nan da nan. A tsare shimfiɗa a bushe. Kada a gasa masa ƙafa da ruwan zafi ko a kusantar da ita ga wuta, gama zai ƙone bai sani ba. A ba shi ruwa isasshe, a bi ƙa'idar tsabtar robar fitsari yadda ma'aikatan jinya suka koyar, kuma zazzaɓi ko fitsari mai wari dalili ne na komawa asibiti ba da jinkiri ba. Kowace rana a lanƙwasa a miƙe kowace gaɓa ta ƙafa a hankali, bisa koyarwar likitan fisiyo, kuma kada a yanke zuwa asibiti don an ga wata uku sun wuce ba canji. Masu raunin da bai gama da laka ba sukan ci gaba da samun sauƙi har shekara guda ko fiye, ta hanyar gashi kaɗai.

Haka kuma kada a ɓoye majinyaci a ɗaki. Dokar hana wariya ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ba shi haƙƙin ilimi da aiki da shiga gine-ginen jama'a. Mai keke yana iya ciniki, ya koyar, ya yi ɗinki, ya riƙe gidansa.

KAMMALAWA

Ilimin likita yana tafiya, kuma na'urar da ake gwadawa yau a kan mutane ƙalilan tana iya yawaita ta yi sauƙi nan gaba. Idan wannan rana ta zo, wanda zai amfana shi ne majinyacin da aka ɗauka daidai daga bakin titi, wanda fatarsa ba ta ruɓe ba, gaɓoɓinsa ba su ƙage ba, kuma bai daina horo ba. Kafin nan, rigakafi ya fi magani: direba ya rage gudu, ya ɗaura bel, ya bar lodin da ya wuce kima, mai babur da fasinjansa su sa hular kwano, mai haƙar rijiya da mai haƙar ma'adinai su tokare ramin kafin su shiga, mai tari da ciwon baya da rama ya je a auna shi, domin maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Ana roƙon sarakuna da hakimai da dagatai, da limamai da malaman makaranta, da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da 'yan acaɓa, su karanta wa jama'arsu wannan bayani, musamman ƙa'idodi shida na ɗaukar wanda ya yi haɗari. Allah ya kiyaye hanya, ya ba marasa lafiya lafiya, amin.